Launin Gari: Jar Ƙasa, Shuni da Kwano a Batsari da Safana

Duk matafiyin da ya bar birnin Katsina ya nufi Batsari a watan Fabrairu, sa'an nan ya sake bin wannan hanya a watan Agusta, zai yi tsammanin ƙasashe biyu ya ratsa. A tafiyar farko komai ruwan ƙasa ne. An girbe gonaki, sai kututturen dawa. Hazo ya lulluɓe sama ta yi fari-fari. Ganyen bedi kansa ya sha ƙura har ya dusashe. A ta biyu kuwa, ko'ina kore shar, gero ya fi mutum tsayi, katangun ƙasa sun sha ruwa sun yi duhu. Mutanen wurin ba su cika zancen wannan sauyi ba, domin a cikinsa aka haife su. Amma launin da ke kewaye da mutum yana da hannu a cikin zafin ɗakin da yake kwana, da lafiyar 'ya'yansa, da kuma alamar da baƙo ke gane garinsa da ita.

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a yammacin Jihar Katsina, wadda aka ƙirƙiro a 1987. Dukansu sun yi iyaka da Jihar Zamfara, kuma dajin Rugu ya ratsa su. Batsari ce mazaunin Sarkin Ruma, Safana kuwa ta Yariman Katsina. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da 200,000 a Batsari, sama da 180,000 a Safana, galibinsu manoma da makiyaya. Garuruwa ne da har yanzu ake iya ganin soron ƙasa da gidan bulo a jere a layi ɗaya, saboda haka sun dace da nazarin yadda launin gari ke sauyawa.

Ido da haske

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tun a ƙarni na 11 Ibn al-Haisam, wanda ya zauna a Alƙahira, ya nuna cewa gani yana faruwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. A 1666 kuma Isaac Newton na Ingila ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai farin hasken ya watse zuwa launukan bakan gizo. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tazarar da ke tsakanin igiya da igiya ita ce ke bambanta launuka. Idon ɗan Adam yana kama tazarar da ke tsakanin nanomita 400 da 700. Nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Gajeruwar tazara ita ce shuɗi, doguwar ita ce ja. Ganye yana da kore ne domin sinadarin kulorofil da ke cikinsa yana shanye ja da shuɗi don haɗa abinci, ya mayar da kore zuwa ido. Wato launin abu shi ne hasken da abin ya ƙi karɓa.

A can bayan ido akwai wani siririn tantani mai ɗauke da ƙwayoyi iri biyu. Masu siffar sanda, kimanin miliyan 120, su ke aiki da dare, ba su kuwa san launi ba. Dalili ke nan da a farin wata jar riga da shuɗiya duk sukan koma ruwan toka. Masu siffar mazurari, kimanin miliyan 6, su ke aiki da rana, kuma kashi uku ne, kowane da tazarar da ya fi kamawa. Ƙwaƙwalwa ce ke gwada saƙon ukun ta yanke hukunci.

A nan akwai abin da ya kamata malamin makaranta ya lura da shi. Wasu yara ana haihuwarsu da naƙasu a ɗaya daga cikin kashi ukun, sai ja da kore su riƙa rikice musu. Ƙwayar gadon wannan matsala tana kan kuromosom X, saboda haka ta fi kama maza, kuma ta wajen uwa ɗa namiji ke gadonta. Masanin kimiyya John Dalton, wanda ya bayyana ta a 1794, shi kansa yana da ita. Yaron da ya kasa bambanta jan alli da kore a kan taswira, ko ya kasa faɗin launin da ruwan gwaji ya koma a darasin kimiyya, sau da yawa bulala yake sha a kan abin da ba laifinsa ba. Akwai katunan gwaji masu ɗigo-ɗigo da likitan Japan Shinobu Ishihara ya fito da su a 1917, waɗanda cikin 'yan mintoci suke warware zancen.

Harshen Hausa kansa ya adana tarihin abin da idon Bahaushe ya saba gani. Launuka uku ne suka fi kafuwa a cikinsa, wato fari da baƙi da ja, kuma su ne suka shiga cikin hali da zuciya: farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, jan hali da jan aiki. Da yawa daga cikin sauran aro aka yi daga abin da ke tsakar gida ko bakin gona: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan makuba. Rawaya ma sunan wani tsiro ne na daji da ake rini da saiwarsa.

Dalilin jan katanga

Ƙasar wannan yanki ta samo asali ne daga tsofaffin duwatsu irin waɗanda suka yi cirko-cirko a yammacin Katsina. Cikin dubban shekaru ruwan sama da zafi suka narkar da su, suka wanke sinadaran da ke saurin narkewa, suka bar ƙarfe. Ƙarfen ya haɗu da iskar oksijin ya yi tsatsa, kamar dai yadda fartanya ke yi in an bar ta a waje. Jar ƙasa da marmara, a taƙaice, tsatsa ce. Masana na kiran jan nau'in wannan tsatsa hematayit, daga kalmar Girkanci mai nufin jini, kuma sunan ya faɗa daidai, domin jinin mutum ma da ƙarfe a tsakiyar sinadarin da ke ba shi ja. A fadama, inda ruwa ke kwanciya ya hana iska shiga, ƙarfen ba ya samun yin irin wannan tsatsa, sai laka ta fito ruwan toka ko baƙa.

Garin da aka gina da tubali yana ɗaukar launin kududdufin da aka haƙo ƙasarsa. Saboda haka ne ƙauyuka biyu da ke nesa da juna da 'yan kilomitoci kan bambanta, wannan ya yi ja, wancan ya yi fari-fari, kuma ɗan gari ya san nasa tun daga nesa.

Magina ba su tsaya ga abin da kududdufi ya bayar ba. Idan ɗorawa ta nuna, ana cire garinta mai zaƙi, wanda ya ba launin ruwan ɗorawa sunansa, a ware kalwa don daddawa, sa'an nan a jiƙa ɓawon a ruwa. Wannan ruwa shi ne makuba. Ana kwaɓa shi da ƙasa a yi yaɓe, ko a yayyafa shi a kan daɓe yayin da mata ke bugu. Ɓawon yana ɗauke da sinadarin tanin, irin wanda ke sa baurin goro, kuma irin wanda majema ke nema a cikin bagaruwa. In tanin ya gamu da ƙarfen da ke cikin ƙasa sai launin ya yi duhu, fuskar bangon ta yi tauri, ruwan sama ya riƙa zamewa a kanta. Wannan haɗuwa ta tanin da ƙarfe ita ce kuma asalin kuloko, baƙin da dukawa ke zane fata da shi. Bishiya ɗaya ke nan ta ba gari miya, ta ba shi sunan launi, ta kuma tsare masa bango.

Ga mai hali kuma akwai laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato dattin da ke kwanciya a gindin karofi, tare da gashin da majema suka kankare da kuma yauƙin dafara. Da shi ake shafe rufin soro da indararo. Ke nan sharar marini da ta majemi ita ce simintin magini, kuma in ɗaya daga cikin sana'o'in ta mutu, sauran ma sun ji a jikinsu.

Aikin da ƙwayoyin halitta ke yi a karofi

Babu launin da ya kai sunan ƙasar Hausa nesa kamar shuni. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ita ta fi shahara, amma a da garuruwa masu kasuwa da dama suna da tasu. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya isa Katsina da Kano a 1851, ya kuma bi ta Kurfi da Zakka a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya yi bayanin yadda rinannun tufafin Kano ke kaiwa har Tambutu da ƙetaren Sahara. Rawanin turkuɗi da Buzaye ke naɗawa, mai ƙyalli har yana barin shuɗi a fuska, daga irin waɗannan karofi yake fitowa.

Abin mamaki shi ne, ganyen baba kore ne, babu ɗigon shuɗi a cikinsa. Abin da yake ɗauke da shi wani sinadari ne marar launi mai suna indikan. Sai an daka ganyen, ya ruɓa, iska ta taɓa shi, kafin shuni ya bayyana. Shunin kuma ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba zai kama zare ba. Marini kan zuba shi a karofi tare da ruwan toka, ya bar shi kwanaki yana motsawa. A cikin wannan ruwa mai kaifi wasu ƙwayoyin bakteriya ke hayayyafa, su cinye iskar oksijin, su juya shunin zuwa wani nau'i mai narkewa, mai launin rawaya-rawaya. Zare ya sha wannan ruwa. Da an ɗaga zanen sama, iska ta buge shi, sai ya juye daga kore-kore zuwa shuɗi a kan idon mai kallo, shunin ya koma marar narkewa, ya maƙale a cikin zaren. Yawan tsomawa da ɗagawa shi ne yawan duhu. Marinin da ke sansana ruwan karofi ya duba kumfarsa ya ce ya yi ko bai yi ba, lafiyar ƙwayoyin bakteriya yake aunawa, shekaru ɗaruruwa kafin a ƙera madubin da ake ganinsu da shi.

Abin da ya durƙusar da wannan sana'a daga Jamus ya fito. Adolf von Baeyer ya haɗa shuni a ɗakin gwaji a 1880, kamfanin BASF ya fara sayar da shi a 1897. Sannu a hankali garin rini na gwangwani da atamfar masaƙa suka cika kasuwa. Launuka sun ƙaru, farashi ya sauka, kuma ba wanda zai ce mata sun yi asara da samun zaɓi. Sai dai katsi ya yi wuya, laso ya bi shi.

Wasu launukan sun tsira domin an ɗaure su da ma'ana. Ja da kore na rigar dogari suna sanar da isowar sarauta tun kafin a ji tambari. Koren hasumiya da ƙubba yana nuna masallaci. Lallen amarya, wanda sinadarinsa ke kama furotin ɗin fata da farce shi ya sa wanka ba ya fitar da shi, har yau ba a sami abin da ya ture shi ba. A wasu ƙasashe hukuma ce ke tsare launin gari da doka: an shafe birnin Jaifur na Indiya da ruwan hoda a 1876 don tarbar Yariman Ingila, aka kuma ci gaba da haka, tsohon garin Agadas, da jan masallacinsa na ƙasa, ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. A Batsari da Safana ba doka ce ta tsara launi ba. Ƙasa da itatuwa ne suka tsara shi.

Kwano da zafin bazara

Tun daga shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya fara ratsa karkara, kwano da siminti suka zama alamar arziki. Masu kukan bacewar soro sukan manta da dalilan da suka sa aka guje shi. Ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara, gara tana cin azara, giginyar da ake yanko azarar ta yi ƙaranci, kuma soron da aka yi sakaci da shi yakan rufta a kan masu barci a tsakiyar damina. Magidancin da ya sayi kwano ya san abin da yake gudu.

Amma kwano ya zo da nasa hisabi. Abu mai duhu yana shanye mafi yawan hasken rana ya mayar da shi zafi, fari kuwa yana mayar da mafi yawansa sama. Sabon kwano yana ƙyalli, amma bayan 'yan damuna sai ya yi tsatsa ya koma ja-ja, shan zafinsa ya ƙaru. Kwano mai launi da ake yayi, shuɗi mai duhu ko ja ko baƙi-baƙi, tun daga ranar da aka kafa shi yake shan rana. Rufi mai duhu kan kai digiri 65 a ma'aunin Salsiyos da tsakar rana, alhali fari a wuri guda kan gaza shi da digiri 25 ko fiye. Kwano siriri ne, nan take yake miƙa zafin cikin ɗaki. Katangar ƙasa mai kauri kuwa takan riƙe shi sa'o'i kafin ya ratsa. A watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ke kaiwa digiri 40, aji mai ɗalibai da yawa a ƙarƙashin kwanon da ba silin wuri ne da karatu ke wuyar shiga kai.

Birnin Ahmadabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya hallaka mutane sama da dubu, ya fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, daga baya ya shiga shafe rufin gidajen talakawa da farin fenti da farar ƙasa. Dabara ce mai araha, kuma kowace makaranta za ta iya gwada tushenta: a sami gwangwanin madara biyu, a shafe ɗaya da baƙi ɗaya da fari, a zuba ruwa daidai wa daida, a ajiye a rana daga hantsi zuwa azahar, sa'an nan a tsoma ma'aunin zafi. Matsalar farin rufi a wannan yanki ita ce ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Tana dusashe shi, sai an riƙa wankewa ko sabuntawa.

Fenti yana da wani haɗari da ido ba ya gani. An daɗe ana zuba dalma a fentin mai domin ta ba shi rawaya ko ja mai haske, ta kuma sa ya bushe da wuri. Binciken da aka buga a 2007 a kan fentin da ake sayarwa a Ibadan ya sami dalma mai yawa a kusan dukansu. Idan fentin ya tsufa yakan ɓarɓashe ya zama ƙura, yaro mai rarrafe ya kwasa a hannu ya kai baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke girma, ta rage fahimta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a kira marar illa. Iyakar da aka ba ƙasashe shawara ita ce kashi 90 cikin miliyan. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar dogon bayani a kan dalma: a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Wancan daga ma'adini ne, ba fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Fentin ruwa bai cika ɗaukar dalma ba, shi ya fi dacewa da bangon aji da ɗakin yara. Kwallin gargajiya da ake niƙawa daga dutse mai ƙyalli shi ma sau da yawa dalma ce, bai kamata ya kusanci idon jariri ba.

Kore da masu dasa shi

Koren da ake gani a cikin gari da rani galibi na bedi ne, wanda wasu ke kira darbejiya ko dogon yaro. Baƙo ne daga Indiya, an shigo da shi Barno a 1928. A gonaki kuwa gawo ne ke riƙe da kore, domin shi al'adarsa a juye take: yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. A 1984 Roger Ulrich ya duba bayanan majinyata 46 da aka yi wa tiyata a wani asibiti a Amurka, ya ga waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bangon bulo fita da kusan kwana ɗaya, sun kuma sha maganin ciwo mai ƙarfi kaɗan. Binciken ƙarami ne, kuma ba zai yiwu a ce launin kaɗai ya yi aikin ba. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, bishiya tana tare rana, tana kuma fitar da ruwa ta ganyenta ya sanyaya iska, shi ya sa majalisar dattawa da mai shayi da mai faci duk a gindinta suke taruwa.

Dajin Rugu, wanda aka keɓe don kiwo, shi ne babban koren yammacin Katsina, makiyayar fararen shanu da jajaye. Saran itace da gawayi da faɗaɗa gonaki sun rage shi. Daga baya ya zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma a shekarun 2019 da 2020 hare-hare sun tayar da ƙauyuka da dama a Batsari da Safana, mutane suka kwarara cikin garuruwan biyu, wasu Katsina da Dutsin-ma, wasu har Maraɗi. Wannan ma ya bar alama a launin ƙasa. Gidan ƙasa da aka bari babu mai yaɓe, damina kaɗan ke mayar da shi tudu. Wanda ya koma ya sake gini kuwa, sau da yawa bulo da kwano yake nema, domin su ne masu sauri.

Katsina tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. A irin wannan dashe an fi son itatuwa masu saurin girma, ɗorawa kuwa takan ɗauki shekaru biyar zuwa goma kafin ta fara 'ya'ya. Tana fure da rani, jajayen tuntaye masu reto a kan dogon sili, waɗanda ke buɗewa da magariba suna zubar da ruwan zaƙi. Ƙudan zuma na ziyartarsu da sassafe, amma cikin dare jemagu ne ke yawo daga bishiya zuwa bishiya suna kai garin fure. Inda yara suka kore su da danƙo, ko aka sare manyan itatuwan da suke kwana, ɗorawa takan rage 'ya'ya, kalwa ta yi tsada a kasuwa, ɓawon da za a jiƙa a yi makuba ma ya yi wuyar samu.